Direban da Ya Ari Katin Asibitin Ƙaninsa

Akwai wani mai gyaran firij, mutum mai sanyin hali, wanda kowa ke kira Auta har bayan ya haura shekara arba'in ya tara iyali. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, cike da tsofaffin firij da tukwanen gas, sai mutum ya karkace yake iya shiga.

Auta yana da wa guda ɗaya, direban babbar bas a wani kamfanin sufuri mai dogon zango. A tashar kamfanin ba a kiransa da sunansa, sai Ba-Gajiya. Shekara ashirin da shida yana riƙe da sitiyari bai taɓa cewa yau ba ya jin daɗi ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. In ya ga wani direba ya kawo takardar likita sai ya taɓe baki ya ce, "Direbobin yanzu, atishawa ma sai an ba su gado."

Shi ya raini Auta tun rasuwar mahaifinsu. Shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya tsaya masa a aurensa. Don haka in Yaya ya yi magana, Auta ba ya cewa me ya sa.

Wata ranar Litinin da hantsi Yaya ya shigo shagon. Bai yi barkwancin da ya saba ba. Ya jawo bokiti ya kife ya zauna, yana murza ƙirjinsa da tafin hannu.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Ba ni katinka na asibiti."

Auta ya ajiye sufana. "Katina kuma? Ina naka?"

"Nawa na kamfani ne. Ko ciwon kai na kai, kafin in iso gida labari ya isa ofis. Ƙirjina ne ke ɗan riƙe min in na hau bene. Olsa ce, na sani. Amma ka san mutanen nan, da sun ji an ce ƙirji za su sauke ni daga mota."

"To ai gara su sani, Yaya, in har..."

"Na tambaye ka shawara?"

Katin ba shi da hoto, suna ne kawai da lamba. Ga shi kuma suna kama, tsayi ɗaya, goshi ɗaya. Auta ya buɗe durowa ya ɗauko ya miƙa.

Yaya ya riƙe katin bai sa a aljihu ba. "Ka yi min alkawari ba wanda zai ji. Har Antinka."

"Na yi alkawari."

Bayan kwana takwas Yaya ya dawo da katin, ya jefa a kan tebur yana dariya.

"Ɓata lokaci kawai. Sun kwantar da ni a wata na'ura mai kamar ƙaton zobe, suka zuba min wani ruwa a jijiya, jikina ya ɗauki zafi har tafin ƙafa. Wai riƙe numfashi, saki numfashi. Wai hoton zuciya. Zuciyar da ta yi shekara ashirin da shida a kan titi ita za a ɗauka hoto?"

Auta ya taya shi dariya, ya ji wani nauyi ya sauka daga kansa.

Kwana biyu da wannan, ranar Alhamis, sha ɗaya da rabi na safe, yana durƙushe a bayan wani firij yana liƙe bututun gas sai wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ya maƙale wayar a kafaɗa ya ci gaba da aiki.

Muryar mace ce, a natse. Ta kira cikakken sunansa, ta ce ita likitar zuciya ce daga asibitin da ya yi hoto shekaranjiya.

"Malam, yanzu kana ina?"

"Ina shago, ina aiki."

"Ajiye aikin ka zauna. Akwai wanda zai kawo ka asibiti? Kada ka tuƙa mota da kanka. Kada ka ɗaga abu mai nauyi, kada ka hau bene."

Auta ya kashe wutar liƙin ya zauna a ƙasa dirshan.

Likitar ta yi masa bayani daki-daki. Ita ma zuciya, ta ce, tana da jijiyoyin da ke kai mata jini. Hoton ya nuna babbar cikinsu ta toshe, saura ɗan siririn wuri da jini ke matsawa ya wuce. Kowane lokaci wurin zai iya rufewa.

"Ba maganar sati mai zuwa ba ce, ba ta gobe ba. Yau nake son ganinka a kan gado."



"Amma akwai abin da ya ɗaure min kai," in ji ta. "Fayil ɗinka ya ce shekararka arba'in da biyu. Ba suga, ba hawan jini, ba ka shan taba. Shi ya sa likitan da ya fara ganinka bai riƙe ka ba, ya ba ka rana ka dawo hoto. Sai ga shi jinin da aka ɗiba ya nuna suga mai yawa, jijiyoyin da nake kallo kuma na wanda ya girme ka ne nesa ba kusa ba. Malam, tsakaninka da Allah, kai ne ka kwanta a na'urar nan?"

Fankar shagon tana ta juyawa. Auta ya tuna alkawari. Ya tuna yadda Yaya ke murza ƙirji a kan bokiti.

"Ba ni ba ne," ya ce a hankali. "Yayana ne."

Ba ta yi masa faɗa ba. Tambayoyi ta shiga jerowa da sauri.

"Shekararsa nawa?"

"Hamsin da biyar."

"Taba?"

"Ya ce ya bari. Amma yana sha a ɓoye."

"A gidanku akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka kawai ya rasu?"

"Babanmu. Yana ɗaure takalmi zai fita aiki."

Ya ji ta ja dogon numfashi. "Da mun san wannan tun ranar farko, da ba a bar shi ya koma gida ba. Wace sana'a yake yi?"

"Direba ne. Babbar bas."



"Yau yana da tafiya?"

Auta ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Sha biyu saura kwata. Duk ranar Alhamis motar Yaya ƙarfe biyu take tashi, tafiyar awa takwas, da mutum hamsin a ciki.

"Yana da ita."

"To ka saurare ni. Kada mutumin nan ya hau sitiyari. Ka ajiye lambar nan, tawa ce. In ciwon ya taso masa, a zaunar da shi, a ba shi asfirin ya tauna, a kawo shi kai tsaye. Zan sa a shirya."

Nan take Auta ya kira Yaya. Sai a kira na uku ya ɗauka, ana jin ƙarar injuna a bayansa.

"Kai, ina aiki. Mene ne?"

Auta ya faɗa masa komai, yana sarƙe harshe.

"Dakata," in ji Yaya. "Ka ce mata ba kai ba ne?"

"Yaya, ita ta gane da kanta."

"Na ce ka ce mata?"

"Na ce."

"Lallai ka cika ɗan halak. Ko sati biyu alkawarin bai yi ba."

"Yaya, don Allah ka bar tafiyar nan. Ta ce yau..."

"Likitoci in ba su tsorata mutum ba ba sa jin daɗi. In na dawo Asabar zan leƙa." Ya kashe wayar.

Auta ya sake kira. A kashe.

Ya tsaya a tsakiyar shago yana zagaye kamar wanda ya ɓatar da abu. Sai ya kira matar yayan nasa. Tana jin maganar ta saki salati.

"Wallahi na sani, Auta, na san akwai abu. Sati uku ke nan a zaune yake barci. Benen gidan nan sai ya tsaya sau biyu, in na yi magana ya ce waya yake dubawa. Jiya na ga yana matsa hannunsa na hagu, ya ce min sanyi ne."

"Anti, ki kira shi."

"Ni? Yaushe ya taɓa jin tawa a kan aikinsa? Ka je, Auta. Ka je da ƙafarka. Ni zan wuce asibitin in jira ku."

Ko rufe shagon bai yi da kyau ba. Ya faɗa tsohuwar akori-kurarsa ta ɗaukar firij ya kama hanya. Ranar kuma kamar gari ya haɗa baki, ko'ina cunkoso. A wata mahaɗa ya yi minti ashirin bai motsa ba, yana kallon agogo yana ambaton Allah. Ɗaya da kwata ya shiga tashar.

Motar tana tsaye a layinta, injin na aiki. Masu lodi suna tura jakunkuna a ƙasanta, fasinjoji sun fara hawa. Warin dizal ya cika wurin.

Ga Yaya can gaban mota cikin farar rigar aiki mai guga, yana dukan taya da ƙafa yana tauna ƙwayar maganin olsa. A inuwa yake, amma gumi ya jiƙa masa wuya. Leɓɓansa sun yi wani fari-fari.

Yana ganin Auta ya sha mur. Ya kama hannunsa ya ja shi bayan motar, inda ba kowa.

"Me ya kawo ka wurin aikina?"

"Na zo in kai ka asibiti."

"Ka zo ka kunyata ni dai. Saura min shekara huɗu in ajiye aikin nan da mutuncina. So kake a ce Ba-Gajiya yana gida a kan tabarma ana ƙirga masa ƙwayoyi?"

"Gara a ce haka da a ce ya rasu."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Yaya, dubi fuskarka a gilashin nan. Mutum hamsin za ka ɗauka."

"Na ɗauki dubbai na sauke lafiya."

"In ta tsaya maka a kan gada fa? Ko a gangaren nan da kai da kanka ka ce ba ka son shi?"

"Kai ne ke riƙe da rai?"

"Ba ni ba ne. Amma Wanda ke riƙe da shi ya nuna mana hoton nan kafin ka tashi. Me za mu ce masa?"

Yaya ya kawar da kai. Auta ya ga hannunsa ya tafi ƙirji, ya fasa, ya koma aljihu.

"Koma shagonka."

"In ba za ka sauka ba, zan shiga ofis."

Yaya ya juyo a hankali. Tunda Auta yake bai taɓa ganin wannan kallon ba.

"Ni na goya ka a bayana zuwa makaranta. Ni na hana kaina na ba ka. In ka taka ƙofar ofishin nan, ba ni ba kai har abada."

Daga inda suke zuwa ofishin manaja bai fi taku talatin ba. Auta ya dubi ƙofar. Ya dubi mutumin da bai taɓa yi wa musu ba tun yana ɗan shekara tara. Ya san in ya tafi, aikin da Yaya ke taƙama da shi ya ƙare, kuma da bakinsa zai ƙarar da shi.

Aka buga sanarwa a lasifika cewa saura minti ashirin motar ƙarfe biyu ta tashi.

"Ka yafe min, Yaya," ya ce. Ya juya ya tafi.

Manajan yana sa hannu a takardun tafiya. Ya saurari Auta da rabin kunne, sannan ya yi dariya.

"Ba-Gajiya? Ciwon zuciya? Malam, ko dai faɗan gida kuka yi ka biyo shi nan?"

"Yallaɓai, ga likitar, ka ji daga bakinta."

Ya kira ta ya miƙa wayar. Ofishin shiru ne, yana jiyo muryarta.

"Ba zan gaya maka ciwonsa ba, wannan sirrinsa ne. Abu ɗaya zan ce. Kada ya tuƙa motar nan yau, ko da zuwa bakin ƙofa ne. In ka bar shi ya tashi bayan na faɗa maka, nauyin yana wuyanka."

Dariya ta ɓace daga fuskar manaja. Ya ajiye biro ya miƙe.

Lokacin da suka fito Yaya ya riga ya sa ƙafa ɗaya a matakalar mota. Manaja ya kira shi.

"Ba-Gajiya, ba ni makulli."

Masu lodi suka tsaya. Direbobi biyu da ke shan shayi a benci suka juyo. Fasinjoji suka leƙo ta taga.

"Yallaɓai, lafiyata ƙalau. Yaron nan ne..."

"Na ji. Ba ni makulli, wani zai kai motar. Ka je a duba ka, in ka dawo sai mu yi magana."

Yaya ya hau ya kashe injin, ya sauko, ya jefar da makullin a ƙasa gaban manaja. Sannan ya nuna Auta da yatsa.

"Ku gan shi nan. Wanda na raina da hannuna. Yau ya zo ya tsiraita ni a gaban yaran da na koya wa tuƙi. Ka ji daɗi? Ka huta?"

Idon Auta na ƙasa, hawaye na ɗiga a kan rigarsa mai maiƙo.

"Bari in ɗauko jakata in bar muku wurin," in ji Yaya.

Ya sake kama ƙarfen ƙofa. Matakala uku ce. Ya hau ta farko, ya hau ta biyu. A ta uku ya tsaya cak. Auta ya ga yatsunsa sun damƙe ƙarfen, ya ga bayansa ya lanƙwashe. A hankali ya sulale ya zauna a kan matakalar, bakinsa a buɗe yana neman iska.

"Auta," ya ce da ƙyar. "Kamar an ɗora min buhun siminti."

Wuri ya rikice. Wani na cewa a kawo ruwa, wani na cewa a kwantar da shi. Auta ya daka tsawar da shi kansa bai san yana da ita ba.

"Kada a kwantar da shi! Asfirin! Wa ke da asfirin?"

Aka samo a akwatin taimakon gaggawa na ofis. Ya sa masa a baki ya ce ya tauna. Direbobin nan biyu suka ɗauke shi cak zuwa motar manaja. Manaja ya ja, Auta a baya yana rungume da yayansa, yana jin sanyin gumin jikinsa har cikin riga.

"Ka tona min asiri," in ji Yaya, idonsa a rufe.

"Na tona. Yi shiru ka ja numfashi."

"Kai ɗan..."

"In ka warke ka zage ni son ranka. Yanzu ka yi ta salati."

Manaja ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba har ƙofar asibiti.

Likitar tana tsaye a bakin sashen gaggawa da gadon turawa da ma'aikata uku. Anti na gefe, ta toshe baki da mayafi. Kafin Auta ya gama fitowa daga mota an shige da Yaya.

Wata ma'aikaciya ta tare shi da takarda. "Sunan mara lafiya?"

Ya faɗi sunan Yaya na gaskiya. Ya faɗi shekarunsa, da tabar, da rasuwar babansu. Anti ta ƙara da barcin zaune da tsayawa a bene. Ba su rage komai ba.

Sai jira. Suka zauna a dogon benci gaban wata ƙofa mai jan fitila a sama. Anti tana jan carbi, bakinta na motsi ba sauti. Auta ya je ya yi sallar azahar da ta kusa kuɓuce masa, ya daɗe a sujada, ya dawo ya tarar fitilar tana nan ja. Duk wanda ya fito da farar riga sai su miƙe, ya wuce su koma su zauna.

Bayan la'asar likitar ta fito tana cire hular kanta.

"Yana da rai."

Anti ta durƙushe a wurin tana hamdala.

Likitar ta ce sun zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har zuwa zuciya, sun buɗe inda ya toshe, sun sa ɗan abin da zai riƙe wurin a buɗe. Sannan ta dubi Auta.

"Amma ka sani, zuciyar ta tsaya mana sau ɗaya a kan tebur. Da na'ura muka dawo da ita. Wajen uku saura kwata."

Auta ya san hanyar nan, ya sha bin Yaya. Ya lissafa inda mota mai tashi ƙarfe biyu take kaiwa a wannan lokacin: daidai gangaren nan da Yaya ba ya so. Sai da ya dafa bango.

"Kai kuma," in ji ta, "abin da ka yi yau daidai ne. Wanda ka yi ranar da ka ba da katin nan shi ya kusa kashe shi. Mun yi kwana goma muna duba mutumin da ba shi ba. Sai mun gyara fayil ɗinka ma, don yanzu ciwon wani ne a ciki. Kuma ka zo a duba ka, tunda jini ɗaya ne."

"Na ji, likita. Laifina ne."

Washegari aka bari a ga Yaya. Yana ganin Auta ya shigo ya juya fuska ga bango.

Haka aka yi ta yi. Aka sallame shi bayan kwana biyar. Kamfani ya ce sitiyari kam ya ƙare, amma in ya ji sauƙi akwai aikin duba lafiyar motoci kafin su tashi. Yaya ya ce raini ne, bai ba su amsa ba.

Kullum in Auta ya rufe shago da yamma sai ya biya. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Yaya, ya jiki?" Ba amsa. Ya juya ya tafi. Gobe ya sake dawowa.

"Ka yi haƙuri da shi," in ji Anti wata rana a tsakar gida. "Yana jin takunka tun daga waje. In ka makara sai ya yi ta duba agogo, amma in na yi magana ya ce labarai yake jira."

Sati uku cur. Rannan da yamma Anti ta kira shi.

"Yayanka ya ce wai gobe da safe ka zo da gwangwaninka, zai koma ganin likita."

Tun bakwai Auta ya wanke akori-kurar, ya share kujerar gaba. Yaya ya fito a hankali, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya yana kallon ɓangaren direba na ɗan lokaci. Sannan ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna.

Suka yi tafiya mai nisa. A wata danja ja ta tsayar da su. Wata babbar bas ta wuce ta gabansu cike da mutane. Yaya ya bi ta da kallo har ta ɓace.

"Akwai wata mata rannan," ya ce, bai dubi Auta ba. "Kujerar da ke bayana aka ba ta. Da jariri a hannu, da wata 'yar yarinya mai kitso biyu. Yarinyar ta ce min, Baba direba, ka yi gudu, babanmu na jiranmu. Na ce mata kada ta damu, ni ne Ba-Gajiya."

Ya share ido da bayan hannu.

"Tunda na farfaɗo ita nake gani."

Danja ta ba da hannu, Auta ya sa giya, motar ta yi tsalle ta zabura.

"Kai! Wa ya koya maka sakin kuloci haka?"

"Kai ne, Yaya."

"Ƙarya kake, ban koya maka wannan haukan ba." Ya gyara zama, ya ɗora hannu a kafaɗar ƙaninsa ya bar shi a nan. "Rage gudu, Auta. Ka ɗauko mai ciwon zuciya."

Darasi: Ɓoye ciwo ba jarumta ba ce, kuma likita ba ya iya taimakon wanda ya yi masa ƙarya. Ciwon ƙirjin da ke tasowa in an hau bene ko an yi sauri, ko mai sauka a hannu da muƙamuƙi, ba abin da za a yi ta dannewa da maganin olsa ba ne. A je a duba, da sunan gaskiya da shekarun gaskiya da tarihin gida, domin lafiya amana ce da Allah ya ba mu, kuma sau da yawa rayukan wasu na rataye da tamu. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa zai halaka, ya yi magana ko da za a yi fushi da shi. Ku tura wa wanda kuka san yana dafe ƙirji yana cewa ba komai, wataƙila ta sanadinku ya je asibiti yau.